Ciro tsohon injin gas daga babbar mota: kuren mai tan 2 zai ɗauka?

"Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar motar ɗaukar kaya mai dogon hanci, injinta Cummins ne mai silinda shida, lita 5.9. Ya fara shan baƙin mai, yana kuma ƙwanƙwasa daga ƙasa, don haka muka yanke shawarar ciro shi a yi masa aiki gaba ɗaya. Wani abokina ya ara mini kuren ɗin ɗaga inji irin mai tayoyi, an rubuta tan 2 a jikinsa. Shin zai ɗauka? In fito da shi tare da giyabos ne, ko in raba su? Sannan wurin a matse yake ƙwarai, akwai notocin da ko ganinsu ba na yi, balle hannuna ya kai. Ni da yarana biyu ne za mu yi aikin."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambaya uku ka ƙulla wuri guda: ko kuren ɗin zai ɗauka, ko a raba inji da giyabos, da yadda za a kai ga notocin da suka ɓuya. Dukansu kuwa igiya ɗaya ce ta ɗaure su. A wuri matsattse, yawancin aikin ciro inji ana gama shi ne tun kafin sarƙa ta miƙe. Ranar da aka shirya komai daidai, injin kan fito salin alin, yaro ɗaya na danna jak, wani na tura shi da tafin hannu. Ranar da ka ga ƙarti uku sun haɗa gumi suna banƙara da ƙarfe, to akwai abin da aka tsallake a baya. Na daɗe a wannan sana'a, kuma kusan duk ɓarnar da na gani da idona gaggawa ce ta jawo ta.

Mu fara da nauyi. Injin naka shi ne ake kira 6BT, cikin jerin da Cummins ya fara ƙerawa a 1984, wanda Dodge ya soma sa wa motocinsa a 1989. Da turbo da famfon nozul da kik da fulawil a jikinsa, yana kai wa wajen kilo 500. Ƙanensa mai silinda huɗu, 4BT, yana wajen kilo 340. Injin fetur na ƙaramar mota kuwa da ƙyar yake wuce kilo 150, shi ya sa wanda ya saba da ƙananan motoci yakan raina wannan aiki har sai ya ji kuren yana kuka. Dalilin nauyin a fili yake. Injin gas ba shi da fulogi, matse iska yake yi har ta ɗauki zafin da zai kunna man, matsin yakan kai ninki 17 ko kusa da haka, inda na fetur ke tsayawa wajen 9 ko 10. Bulok da top silinda da za su jure wannan duka shekara da shekaru dole su zama zubin ƙarfe mai kauri. Haka OM352 na Mercedes da 6.354 na Perkins suke, 'yan shekarun 1960, dogaye masu silinda shida a jere, kowanne ɗaruruwan kilo.

Tan 2 ɗin da ke jikin kuren

Je ka dubi hannun kuren ɗin da kyau. Za ka ga yana zugewa, da ramuka yawanci huɗu, kowanne da rubutunsa: tan 2, tan 1 da rabi, tan 1, rabin tan. Tan 2 na ramin da hannun ya fi gajarta ne. Duk ramin da ka ƙara, ƙarfin yana raguwa, har a na ƙarshe ya koma kilo 500. Matsalar ita ce a babbar mota bamba da gaban shasi ba za su bari ginshiƙin kuren ya matso ba, sai ka zuge hannun har ƙarshe kafin ƙugiya ta zo saitin tsakiyar inji. Ka ga ke nan kuren ya koma na kilo 500, injinka ma kilo 500, babu ko ratar gashi a tsakani. Ga shi na aro ne, ba ka san sau nawa aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Ni dai in ƙugiya ba za ta kai tsakiyar wannan injin daga ramin tan 1 ba, ba na ɗaga shi da irin wannan kuren.

Ko ƙarfe bai lanƙwashe ba, akwai kifewa. Dole ƙugiya ta kasance tsakanin ƙafafun kuren, a bayan tayoyin gaba. Da zarar nauyin ya wuce su, bayan kuren zai tashi sama, kuma babu ƙaton da zai danne shi. In ƙafafun masu zugewa ne, a zuge su daidai da hannun. Tayoyin nan kuma 'yan ƙanana ne na ƙarfe, tsakuwa ɗaya ko washa da ta faɗi ƙasa ta isa ta tsayar da su. Kuren ya tsaya cak, inji kuwa ya ci gaba da lilo da rabin tan ɗinsa. Siminti mai laushi da aka share tsaf suke so. A kan ƙasa ko kwalta mai zafi sai an shimfiɗa faranti na ƙarfe mai kauri, in ba haka ba tayoyin su nutse gefe ɗaya.

Sai tsawo, wanda mutane ke mantawa da shi har inji ya tashi. Ɗauki tef ka auna daga ƙasa zuwa saman abin da kaskon baƙin mai zai tsallake. Ƙara tsawon injin daga gindin kasko zuwa saman murfinsa, ƙara tsawon sarƙa da ƙugiya. In jimlar ta fi inda hannun kuren ke kai wa, injin zai maƙale a rataye, bai fita ba bai koma ba. Kuma ka lura, hannun kuren ba miƙe yake tashi ba, baka yake yi: yana hawa sama yana janyo injin zuwa wajen ginshiƙi. Sace iskar tayoyin gaba yana rage 'yan santimita, amma sai ka tabbata ƙafafun kuren za su ci gaba da shiga ƙarƙashin aksul.

Abin da na fi natsuwa da shi a irin wannan mota shi ne cenbulok, wato na'urar ɗaga kaya da ake jan sarƙarta da hannu, mai tan 2, a rataye jikin ginshiƙan ƙarfe masu ƙafa, waɗanda aka ƙera domin ɗaga kaya. Yana ɗagawa miƙe, a hankali, haƙori bayan haƙori, kuma ba ya sauka da kansa kamar jak mai yoyon mai. Injin ba ya tafiya ko'ina, motar ce ake turawa baya ta bar shi a rataye, sannan a sauke shi nan take. Kafin ka yi haka ka san birkin motarka. In na iska ne, da iska ta ƙare sifirin ɗin birkin baya zai kama tayoyi, sai an ba shi iska daga waje ko an janye sifirin ɗin da notinsa kafin ta motsa, kuma da an janye shi motar ba ta da birkin tsayuwa. In na mai ne, ba inji ba taimako, feda zai yi tauri kamar dutse. Ko wanne ne, a fili mai daidai za a yi, mutum ɗaya na biye da taya riƙe da waigi. Kada ka rataye cenbulok a azarar rufin gareji ko reshen bishiya don kawai sun yi maka kama da masu ƙarfi.

Sarƙa da wurin kama ta

Injin yana zuwa da kunnuwan ɗagawa guda biyu daga kamfani, ɗaya gaba ɗaya baya a jikin top silinda. In suna nan, su za ka kama, bayan ka duba ba su tsage ba kuma notocinsu a ɗaure suke. A tsofaffin motoci sau da yawa wani ya taɓa kwance su bai mayar ba. In haka ne, nemi ramukan noti masu zurfi a zubin ƙarfen top silinda ko bulok, ka ɗaura faranti mai kauri. Noti ya zama mai lamba 8.8 ko 10.9 a kansa, ya shiga aƙalla ninki ɗaya da rabi na kaurinsa, wato noti mai milimita 10 ya shige milimita 15, a kuma ɗaure shi tamau har farantin ya kwanta. Notin da aka bari a sake lanƙwasa shi sarƙa take yi, kuma noti ya fi saurin karyewa ta gefe. Haka noti mai zobe a ka: miƙe aka yi shi ya ja, in aka ja shi a karkace digiri 45 abin da ya rage masa bai kai sulusin ƙarfinsa ba. Bututun shan iska na alminiyam, da bututun nozul, da mazaunin janareta, duk ba wurin kamawa ba ne.

Sarƙar ɗaga kaya daban take da sarƙar ɗaure kaya. Ta ɗagawa za ka ga 8 ko 80 a buge jikin wasu zobbanta, kuma mai milimita 8 an yi ta ne ta ɗauki tan 2 a miƙe. Mai ruwan zinariya da ake ɗaure kaya da ita a bayan mota ba a yi ta don rataye abu sama ba. Igiya, tsohon bel ɗin kujera da fanbel kuwa kada ma su zo kusa.

Akwai wani lissafi da nake so ka riƙe, domin a wuri matsattse ne yake cin mutane. Saboda neman tsawo, sai a gajarce sarƙa har ta kusa kwanciya a kan inji. Kowane reshe na sarƙar, gwargwadon kwanciyarsa gwargwadon abin da yake ja. Injin kilo 500 a reshe biyu: in kowanne ya tashi digiri 60 daga kwance, yana ɗauke da wajen kilo 290. A digiri 45, wajen kilo 355. A digiri 30, kowane reshe shi kaɗai yana jan kilo 500 cur. In ya kwanta zuwa digiri 15, ya kusa tan guda, kuma duk wannan jan ta gefe yake yi, yana neman haɗa kunnuwan biyu wuri ɗaya. Dogon inji kamar naka kunnuwansa nesa suke da juna, don haka gajeruwar sarƙa dole ta kwanta. Maganinsa sanda ce ta ƙarfe a kwance sama da injin, sarƙa biyu gajeru su sauko daga gare ta miƙe. Mafi kyau ita ce mai hannun juyawa, wadda ke matsar da ƙugiya gaba ko baya, ka ɗaga hancin inji ko ka sunkuyar da shi yana rataye. A shafa wa zarenta giris, a kuma duba nauyin da aka rubuta mata, don da yawansu na ƙananan motoci ne.

A raba su, ko a haɗa?

A raba. Giyabos mafi sauƙi da ake haɗa wa wannan inji yana wajen kilo 90, na manyan motoci ya fi haka nesa ba kusa ba. Ban da nauyi, yana ƙara tsawo, yana kuma mayar da tsakiyar nauyin can baya ƙarƙashin kan mota inda ƙugiya ba ta kai wa. Kafin su fito tare sai an karkata su sosai, hanci sama wutsiya ƙasa, wannan kuwa yana cin tsawon da ba ka da shi. Ana fito da su tare ne in an kwashe gaban motar kaf kuma akwai kayan ɗagawa masu ƙarfi na gaske.

Rabawar tana da sharaɗinta. Shaf ɗin giyabos yana cikin faifan kuloci, sai injin ya matsa gaba miƙe, kamar taƙi guda, kafin ya zare. In aka ɗaga shi sama tun bai zare ba, ko aka bar nauyin giyabos ya rataya a shaf ɗin, faifan zai lanƙwashe. Don haka sai an tallafe gaban giyabos tukun. A nan akwai abin da ba a cika faɗa wa mutum ba. Da ka fara ɗauke rabin tan daga gaban mota, sifirin ɗin gaba zai miƙe, shasi ya bi injin sama da 'yan santimita. Jak ɗin da ka sa daga ƙasa ya tokare giyabos yana nan inda yake, mota kuwa ta tashi, saiti ya ɓaci ke nan. Ni nakan gitta ƙarfe mai ƙarfi a kan shasi in rataye gaban giyabos da sarƙa, duk inda shasi ya je su tafi tare. In giyarka mai canja kanta ce, kwance notocin da suka haɗa tulun konbata, wanda ke madadin kuloci a irin wannan giya, da farantin inji ta 'yar tagar da aka bari, kana juya inji da hannu, tulun ya zauna a jikin giya.

In ka buɗe ƙoƙon kuloci, wato rufin ƙarfen da ya haɗa inji da giyabos, za ka tarar da baƙar ƙura. Kada ka busa ta da iska. Tsofaffin faifan kuloci da yawa da asbestos aka yi su, kuma ƙurarsa huhu take lalatawa bayan shekaru. A jiƙa ta a goge da tsumma.

Yadda ake samun fili

Fili a wurin inji saye ake yi, kuɗinsa kuwa shi ne kwance abubuwa. Sabon hannu yana ƙyashin cire lagireto don zai ci masa awa guda, sai ya ɓata yini yana kewaye shi, ƙarshe fanka ta huda shi. Bonet ya fita gaba ɗaya, bayan an zana inda hinjinsa yake don mayarwa. Lagireto, fanka, kwandon gaba, bamba, da ƙarfen da ke gitte a gaba in da noti aka ɗaura shi, duk su fita. Da ka yi haka aikin ya sauya: maimakon a ɗaga inji sama da ƙirjin mutum ya tsallake hanci, sai a ɗaga shi kaɗan ya bar mazauninsa ya fito ta gaba. Wataƙila ma da bamba ta fita kuren ya matso har ramin tan 1 ya kai, ka ga tambayarka ta farko ta samu wata amsar. Tayoyin gaba da rufin cikin fenda in sun fita, bayan an ɗora aksul a kan tsayayyun jakuna, gefen injin duka zai bayyana a gabanka.

Batir ne farkon abin cirewa, wayar nagatif kafin ta fozitif, ko guda ɗaya ne ko biyu masu ba da bolt 24. Babbar wayar kik kullum da wuta take, sifana ta haɗa ta da shasi za ta narke a hannunka. Zobe da agogo su fita daga hannu. A juye ruwa da baƙin mai, a saki iskar tankuna. Famfon sitiyari ba sai an kwance tiyonsa ba, a cire shi daga jikin inji a ɗaure shi gefe da waya. Kowane bakin bututun gas da aka buɗe a toshe shi nan take, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta kashe famfon nozul. Bakin turbo ma a rufe. Ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa komai, ka liƙa wa kowace waya lamba, notocin kowane sashe su shiga ledarsu. Aikin da kake zaton na mako ɗaya ne yakan kai wata biyu ana jiran kaya, kuma kai ba ya riƙe abin da yake alkawari.

Notocin salansa da na turbo sun sha zafi da tsatsa shekara da shekaru. Fara fesa musu man kwance tsatsa kwana biyu ko uku kafin ranar. Sa soket mai kusurwa shida, mai goma sha biyu yana cinye kan noti. Ɗan ɗaure shi kaɗan tukun sannan ka kwance, kana yi gaba da baya. In za a sa wuta, sai an kawar da gas da tsummokara, kuma kada wuta ta taɓa wurin da aka fesa wa maganin wanke birki, wasunsu hayaƙi mai guba suke fitarwa.

Notocin da ba ka gani, ina kyautata zaton na saman ƙoƙon kuloci ne, tsakanin bayan top silinda da bangon kan mota. Kada ka neme su daga sama. Duba daɓen cikin mota kusa da sandar giya, yawancin manyan motoci suna da faranti da ake kwancewa a nan. In babu, shiga ƙarƙashi can bayan giyabos, ka jona sandunan ƙari har su kai mita guda, da gwiwa mai lanƙwasa a baki, ka bi ta saman giyabos. Naɗa wa gwiwar salatif don kada ta riƙa langaɓewa. Yaro ɗaya yana sama da tocila da ɗan madubi yana ɗora soket a kan notin da yatsa, kai kana ƙasa kana juyawa. Ka fara da waɗannan masu wuyar tun sauran na ɗaure, ka bar biyu masu sauƙi na gefe su zama na ƙarshe. Sannan ka ƙirga ramukan, ka ƙirga notocin da ke hannunka.

Wannan ƙirgar da jikina na koye ta. Ina matashi, mun kwance wani dogon inji, na zagaya na ce komai ya fita. Aka fara danna jak, inji ya ɗan motsa ya tsaya. Na ce tsatsa ce ta riƙe turakun da ke saita inji da giyabos, a ƙara. Aka ƙara, na ga gaban motar yana tashi fiye da yadda sifirin ke tashi, ban tsaya ba. Sai muka ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Noti ɗaya ne a can sama, laka da baƙin mai sun binne kansa har ya saje da jikin ƙarfe, ya tafi da kunnen ƙoƙon kuloci gaba ɗaya. Inji ya yi tsalle ya daki inda hannun abokin aikina yake 'yan daƙiƙu kafin nan. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Jak ba ya jin abin da yake karyawa, da noti da waya da yatsa duk ɗaya ne a wurinsa.

Ranar ɗagawa

Mutum ɗaya ne ke magana. Kai ne, ka tsaya inda kake ganin komai, yaro ɗaya a jak ko cenbulok, ɗayan yana kallon ɗaya gefen, kuma kowa yana da ikon cewa a tsaya. Ja sarƙa ta miƙe kawai, sannan ka kwance notocin mazaunin inji. Ɗaga santimita biyu ko uku, tsaya, ka bar shi minti ɗaya kana kallon ko hannun kuren na sauka da kansa. Ɗauki tocila ka zagaya. Abubuwan da ake mantawa ba sa canjawa: wayar as da ke haɗa bulok da shasi a can baya, siririn bututun agogon baƙin mai, wayar kashe inji, sandar totur, bututun mayar da gas tanki, tiyon hita, bututun kwamfireso. Girgiza injin da hannu. Wanda ya rabu da komai yana lilo a sake, wanda wani abu ke riƙe da shi za ka ji yana dawowa gefe guda.

In ƙoƙon kuloci ya ƙi rabuwa, dubi ratar da ta buɗe. In ta fi faɗi a sama ko a ƙasa, saiti ne bai yi ba, gyara karkatar injin har ratar ta daidaita, zai zare. Hannu yana tura inji daga gefe ko daga sama, buɗe, ba ya shiga tsakaninsa da shasi ko bango ko da na ƙiftawar ido. In ana son kare bango, katako ake sa wa. Ba mai shiga ƙarƙashi alhali inji na rataye, ko soket ne ya faɗi ya jira. Da ya tsallake, sauke shi kusa da ƙasa kafin a ja kuren, kuma bawul ɗin saukewa da yatsa biyu ake buɗe shi, kaɗan kaɗan, don in ya sauko da gudu aka tsayar da shi farat ɗaya, jijjigar ta fi nauyin injin nesa.

Tanadi wurin ajiye shi tun kafin a ɗaga. Kada a dire shi a kan kaskonsa, zai loɓa ya danne bututun da ke zuƙo baƙin mai. Katakai masu kauri a ƙarƙashin leɓen bulok ko ƙafafun mazauni, a tokare shi ta gefe biyu, don dogon inji siriri ne kuma kansa ya fi nauyi. Ƙaramin mariƙin inji mai juyawa, wanda yawanci kilo 450 aka rubuta masa, ba na wannan ba ne. Kada kuma ya kwana a rataye.

Wajen mayarwa, samo dogayen notoci biyu masu zare irin na ƙoƙon kuloci, ka yanke kawunansu, ka tsaga bakin don sukudireba, ka ɗaura su gefe da gefe. Su za su ja injin kan hanya. Saita faifan kuloci da tsohon shaf, sa giya, a ɗan juya inji har haƙora su shiga. In rata ta rage, kada ka rufe ta da ƙarfin noti, da hannu ya kamata su haɗe.

Ban ga motarka ba, kuma kowane kamfani da yadda ya zaunar da wannan inji, a wasu kaskon yana zurfi a gaba, a wasu a baya saman aksul, wannan kuwa yana canja yadda za a karkata shi. Littafin gyaran motar da awon da ka yi da tef sun fi maganata. In ka auna ka ga ƙugiya ba ta kai wa sai a ramin ƙarshe, mayar wa abokinka kurensa da godiya, ka nemo cenbulok da ginshiƙai, ko ka ɗauko mota mai kuren na awa biyu.

Abu ɗaya ya rage, na ranar da za a tayar da shi bayan gyara. Ciro duk tsumman da aka cusa a bakunan iska, ka ƙirga su. Zuba baƙin mai a bakin turbo, ka juya injin da kik ba tare da gas ba har agogon mai ya motsa. Wajen fitar da iska daga bututun nozul, hannu ya yi nesa, domin gas ɗin yana fita da ƙarfin da zai huda fata, kuma wannan rauni na asibiti ne nan take ko da ya yi kama da tsinin allura. Tsohon injin gas in ya samu baƙin mai ta hanyar iska, ko famfonsa ya maƙale a buɗe, yakan ɗauki gudu da kansa, makulli ba ya kashe shi. Ka bar tiyon iska a kwance daga bakin turbo, yaro ɗaya ya tsaya a nan riƙe da katako mai faɗi da kauri, in ya ji ƙara tana hawa ba a taka totur ba ya kifa shi a bakin ya danne har injin ya mutu. Da katako, ba da tafin hannu ko tsumma ba.